Yadda Ake Gyara Lokacin Cin Abinci Don Barci Ya Daidaita da Agogon Jiki

A Damagaram, musamman daga watan Maris zuwa Mayu, yinin mutane da yawa haka yake tafiya: a fita da safe da kofin shayi ko ciki wayam, zafi ya hana cin abin kirki da rana, sai bayan Isha'i iska ta ɗan sanyaya a zauna a ci tuwo malmala biyu ko uku, a wuce fada, wato dandalin hira da abokai, a ɗora butar shayi har ƙarfe 12 ko 1 na dare. Da Asuba a tashi jiki kamar an yi wa mutum duka, baki da ɗaci, ƙwannafi na tasowa. Mai irin wannan yini yakan ɗauka maganin barci yake buƙata, ko na ƙarin kuzari. Mafi yawan lokuta abin da ya kamata a fara taɓawa shi ne lokacin da abinci ke shiga ciki. Aikin mako 3 zuwa 4 ne. Ba ya cin kuɗi, amma yana son haƙuri, yana kuma son haɗin kan mai girkin gidan.

Abu biyu kawai ya kamata ka riƙe game da yadda jiki ke aiki. Na farko, jiki yana da agogon da ke zagayowa cikin kusan awa 24. Babban agogon wani ɗan curi ne na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000 a can cikin ƙwaƙwalwa, saman inda jijiyoyin idanu biyu suke gittawa, kuma hasken da ke shiga ido ne ke saita shi. Shi ke sa a saki sinadarin melatonin, mai shirya jiki don barci, kamar awa 2 kafin lokacin da ka saba kwanciya, shi ke sa ɗumin jiki ya sauka cikin dare. Amma hanta da hanji da kitse da gaɓar da ke fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da sukarin jini, kowanne da nasa ƙaramin agogon, su kuwa lokacin cin abinci suka fi saurara. A shekarar 2017 masu bincike a Jami'ar Surrey da ke Ingila sun jinkirta wa maza 10 lokutan abincinsu da awa 5. Zagayen sukarin jininsu ya ja baya da fiye da awa 5, na melatonin kuwa bai motsa ba. Ke nan mai cin tuwo ƙarfe 11 na dare, ƙwaƙwalwarsa na cewa dare ya yi, hantarsa na cewa yanzu rana ta take.

Na biyu, jiki ya fi iya sarrafa sukari da safe da tsakar rana. Kwanon shinkafa ɗaya, in ka ci shi ƙarfe 1 na rana da in ka ci shi ƙarfe 10 na dare, ba hali ɗaya jiki ke karɓarsa ba. Na dare ya fi ɗaga sukarin jini, ya kuma fi daɗewa bai sauka ba, domin idan melatonin ya hau fitar insulin na raguwa.

Kayan da za ka tanada

Ƙaramin littafin rubutu irin na ƴan lakkwal da alƙalami. Agogo ko waya mai ƙararrawa. Wanda ba shi da ko ɗaya ya yi aiki da kiran salla, domin a nan rana kan fito tsakanin wajen ƙarfe 6 da 7 saura, ta faɗi tsakanin wajen 6 da 7 na yamma duk shekara, saboda haka lokutan salla agogo ne mai kyau. Igiyar awo ta tela. Kwano ɗaya da za ka riƙa cin abincin dare a cikinsa kullum, don ido ya saba da adadin. Gorar ruwa mai cin lita 1 ko 1 da rabi. Ƙaramar fitila ko tocila mai haske ja-ja ko rawaya. Gidan sauro. Mai fama da ƙwannafi ya nemi bulo 2 ko guntayen katako masu kaurin santimita 15 zuwa 20. Mai ciwon sukari da ke da abin awon sukari ya ajiye shi kusa, kuma ya karanta gargaɗin da ke ƙasa kafin ya canza komai.

1. Kwana 7 na rubutu, ba tare da canza komai ba

Kowace rana ka rubuta abu shida: lokacin da ka tashi, lokacin da wani abu banda ruwa ya fara shiga bakinka, lokacin babban abinci, lokacin shayi ko goro ko Nescafé na ƙarshe, lokacin loma ta ƙarshe, da lokacin da ka kwanta. Da safe ka ƙara kalma ɗaya kan yadda ka tashi: garau, dama-dama, ko a gajiye. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne rashin ƙirga ƙananan abubuwa. Tsiren da aka saya a bakin hanya ƙarfe 11, alkakin da aka miƙo maka wajen hira, furar da aka dama bayan tuwo, shayi mai sukari, duk abinci ne a wurin hanta. Kuskure na biyu, mutum ya fara gyara halinsa don ya ga yana rubutawa. Bar makon ya fito yadda yake.

A rana ta bakwai ka ƙirga awa nawa ke tsakanin loma ta farko da ta ƙarshe, da kuma tsakanin ta ƙarshe da kwanciya. Kada ka yi mamaki in ka ga awa 15 ko 16 a na farko, ƙasa da awa 1 a na biyu. Inda za mu dosa shi ne awa 12 ko ƙasa da haka a na farko, awa 3 a na biyu. Ka kuma auna ƙugunka da safe kafin cin komai: igiyar ta bi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwatangwalo, kusa da cibiya, bayan ka fitar da numfashi. Abin da ake so shi ne kada ya kai rabin tsawonka. Mai tsawon santimita 170, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85.

2. Tsayar da lokacin tashi, a fita cikin haske

Mutum ba ya iya tilasta wa kansa barci, amma yana iya tilasta wa kansa tashi, don haka daga nan ake kamo bakin zaren. Zaɓi lokaci ɗaya ka riƙe shi har ranakun da ba ka aiki. Ga mafi yawanmu Asuba ce ke yanke wannan. Babba yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye. In kana tashi ƙarfe 5, lissafin ya nuna ƙarfe 10 ya same ka a kwance. In hakan ba zai yiwu ba, akwai hanya biyu: ko ka yi awa 6 da rabi da dare ka cike da ƙailula, ko ka koma bayan Asuba na wani ƙayyadadden lokaci, misali zuwa 6 da rabi, kullum haka. Abin da ke ruɗa agogo shi ne yau a tashi 6, gobe 9, jibi 5.

Cikin awa 1 bayan fitowar rana ka fita waje na minti 20 zuwa 30. Tafiya kasuwa a ƙafa, share tsakar gida, raka yara lakkwal, ko zama a ƙofar gida, duk sun wadatar. Ba a kallon ƙwayar rana, hasken gari ya isa. Hasken ɗaki, ko da fitila a kunne, ba ya kai kashi ɗaya cikin goma na hasken waje, shi ya sa zama a zaure mai duhu ko shago mai rufi ba ya yin aikin. Ranar da hazon hunturu ya rufe gari ka ƙara lokacin zuwa minti 40, ka rufe hanci saboda ƙura. Matan da ba su cika fita ba, tsakar gida ta ishe su, in dai a sarari aka zauna ba ƙarƙashin rumfa ba.

3. Karin kumallo na gaske

Ka ci cikin awa 1 zuwa 2 bayan tashi, lokaci ɗaya kullum. A kwanakin farko za ka ce ba ka jin yunwa da safe. Gaskiya ne, tuwon jiya ne bai gama wucewa ba. Fara da kaɗan, yunwar safe za ta dawo da kanta da zarar abincin dare ya matso.

Kada kalacin ya zama sukari da gari zalla. Shayi da burodi kawai, ko koko mai cike da sukari, kan ɗaga sukarin jini da sauri ya sake shi da sauri, kafin hantsi jiki ya yi laƙwas. A haɗa da abin da ke riƙe ciki: ƙosai 4 ko 5 da koko, ƙwai 1 ko 2 a cikin burodin, wake, nono, ko gyaɗa. Mafi sauƙi a gidajenmu shi ne ɗumame, kuma a nan dabarar take: malmalar da za ka rage daga abincin dare ita ce kalacinka na gobe, ba a ƙara ko dala a cefane ba. Sai dai a lokacin zafi a kula, a tafasa miyar sosai kafin a kwanta, da safe a sake tafasa ta, tuwon ya yi zafi har cikinsa. Wanda ya yi yami ko ya fara yauƙi a zubar.

4. Mayar da nauyin abinci tsakar rana

Babban abincin yini ya faɗo tsakanin ƙarfe 1 da 2 da rabi, wato kewayen Azahar, kada ya wuce 3. A ƙasar Sifen an bi mutum 420 masu neman rage ƙiba tsawon mako 20, aka wallafa sakamakon a 2013: waɗanda ke cin babban abincinsu bayan ƙarfe 3 sun rage nauyi ƙasa da masu ci kafin 3, alhali yawan abin da suke ci kusan ɗaya ne.

Matsalar ita ce zafi. Ranar da ma'auni ya haura digiri 40, ba kowa ke iya fuskantar shinkafa da mai ba. Sai a raba shi biyu. Wajen ƙarfe 11 ko 12 a sha fura da nono mai kauri, sukari kaɗan ko babu. Wannan cikakken abinci ne, hatsi ne da nono. Bayan Azahar a ci mai ɗan nauyi, kamar dambu da zogale, shinkafa da wake, ko kwaɗon ganye da ƙuli-ƙuli. Ɗan kasuwar Dole ko ɗan kabu-kabu da ba ya komawa gida ya tsayar da mai abinci ɗaya da lokaci ɗaya, kada ya bari sai ciniki ya lafa, domin ciniki ba ya lafawa sai La'asar ta wuce.

Nauyin ido da ke zuwa bayan Azahar ba laifin abinci ba ne kaɗai, agogon jiki ne ke ɗan saukowa a wannan lokacin. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 tana da amfani, a saita ƙararrawa. In ta kai awa 1 da rabi ko ta ƙetare La'asar, ta ci daga rabon dare, sai ka kwanta ƙarfe 10 ido ya bushe.

5. Jawo abincin dare gaba

Wannan ne mataki mafi wuya, domin ba naka ba ne kai kaɗai. Kada a yi tsalle daga ƙarfe 10 zuwa 7 a dare ɗaya. Yunwa za ta tashe ka tsakar dare, kwana biyu ka watsar. A riƙa jawo shi da minti 30 duk bayan kwana 3. Wanda ya saba da 9 da rabi, cikin kwana 12 zuwa 15 zai iso tsakanin Magariba da Isha'i, kuma nan ne masaukin da ya fi dacewa da garin nan: an gama ci kafin 7 da rabi ko 8 saura, an kwanta 10 zuwa 10 da rabi.

Tuwon ba zai sauka da wuri ba sai an ɗora tukunya da wuri, tukunya kuwa ba ta hawa sai cefane ya iso. Maigidan da ke kawo cefane bayan La'asar sakaliya ba shi da bakin cewa abinci ya makara. Ya ba da na gobe tun yau, ko ya aiko da shi da hantsi, a kai niƙa da safe. Maganar kuma a yi ta da lalama: "Uwargida, in Allah ya kai mu gobe ina son mu gwada cin tuwo da an sallame Magariba, me za ki buƙata don ya yiwu?" Ita ta san inda aikin ke tsayawa, ko ruwa ne bai zo ba, ko itace, ko injin niƙa. A gidan da maigida ba ya dawowa sai dare ya yi nisa, kada a sa yara da mata jiransa. Su ci nasu da wuri, shi a ajiye masa mara nauyi.

Adadin kuma ya ragu. Malmala ɗaya madaidaiciya, miya mai yawan ganye, kuka ko kuɓewa ko yakuwa, mai kaɗan. Abinci kan ɗauki awa 2 zuwa 4 kafin ya bar tumbi, mai maiƙo ya fi daɗewa, shi ya sa soyayyen abu da balangu da tsire mai kitse suka fi dacewa da rana. Wanda ya kwanta tumbi cike, ruwan tsamin ciki kan taso maƙogwaro, jiki kuma ya yi ta aikin narkarwa a lokacin da ya kamata ɗuminsa ya sauka. Hadisin nan na kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, a abincin dare ya fi kamata a tuna da shi.

Bayan an ci, a taka na minti 10 zuwa 15. Tsokar ƙafa tana jan sukari daga jini, hawansa ya ragu. Tafiya masallaci sallar Isha'i a ƙafa ta biya wannan, in masallacin na bakin ƙofa ne a zagaya unguwa kafin a shigo. Mata su zagaya tsakar gida ko su yi ƴan kintse-kintsen da ake yi a tsaye.

In yunwa ta matsa kafin kwanciya a makon farko, rabin kofin nono marar sukari ko ƴar gyaɗa cikin tafin hannu ta isa. Kada a dama fura cikin ƙwarya a ce ai ruwa-ruwa ce.

6. Shayi, goro da Nescafé

Mutum na iya bin duk matakan da suka gabata, shayin fada ya rushe su a dare ɗaya. Ganyen shayi, goro, Nescafé, Lipton da lemunan ƙarin kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin. Yadda yake aiki shi ne, tun daga tashinka wani sinadari mai suna adenosin ke taruwa a ƙwaƙwalwa, taruwarsa ce ke kawo jin barci. Kafeyin sai ya toshe wurin da yake kamawa. Gajiyar na nan, jin ta ne aka ɗauke maka. Jiki kuma kan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya rage rabin abin da aka sha. Wanda ya sha shayi mai ƙarfi ƙarfe 9 na dare, ƙarfe 2 rabinsa na yawo a jininsa, ƙarfe 7 na safe da sauran kashi ɗaya cikin huɗu. Ga mai juna biyu ya fi haka daɗewa sosai.

Akwai mai cewa shi ko ya sha shayi yanzu zai kwanta ya yi barci. Zai yi, amma barcin ba ya nisa, shi ya sa yake tashi a gajiye ya sake neman buta. A bar aƙalla awa 6 tsakanin kafeyin na ƙarshe da kwanciya, awa 8 ya fi. A aikace, La'asar ce iyaka ga mai kwanciya ƙarfe 10.

Ba a cewa mutum ya bar fada. Zumunci ne, a nan ake jin labarin aiki da na gari, kuma wanda aka ce ya zaɓa tsakanin abokansa da barci, abokan zai zaɓa. Abin da ke yiwuwa shi ne a sauya abin da ke cikin butar ko lokacin ɗora ta. A mayar da shayi mai ƙarfi zuwa safe ko bayan Azahar. Da dare a dafa citta da kanumfari, ko na'a-na'a, ko zoɓo mai ɗumi, sukari ɗan kaɗan. Mai ƙwannafi ya bar na'a-na'a, tana iya tayar masa da shi. In ƴan fada ba su yarda ba, ka bar zagayen shayi na farko ya wuce ka, shi ne mafi ƙarfi, ka karɓi na uku rabin kofi. Ka dubi kuma yawan sukarin da ake zubawa a buta ɗaya, ka tuna da abin da aka faɗa kan sukari da dare.

Wanda ya saba da shayi ko goro mai yawa kada ya yanke lokaci guda. Ciwon kai da kasala za su kama shi na ƴan kwanaki, ya ce tsarin ne bai karɓe shi ba. Ya riƙa janye na ƙarshe da awa 1 duk kwana 2 ko 3. Dattawan da ke kwana da goro a baki suna kukan rashin barci, a lallashe su su tsaya da shi daga La'asar, sau da yawa wannan kaɗai kan kawo sauƙi.

7. Haske, zafi da ruwa bayan Isha'i

Awa 1 kafin kwanciya a kashe farin ƙwan lantarki mai ƙarfi, a kunna ƙaramar fitilar. Haske mai ƙarfi da dare yana danne melatonin ya tura agogo baya. Waya ta fi muni, domin ban da hasken a kusa da ido, abin da ake kallo yana hana zuciya kwanciya. A rage haskenta, a ajiye ta inda hannu ba ya kaiwa daga shimfiɗa. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ba ya son barci kafin Isha'i da hira bayanta, wanda ya riƙe wannan ya rage wa kansa rabin aikin.

Barci ba ya kama mutum sai ɗumin jikinsa ya fara sauka, ɗakin da ya sha rana yini guda kuwa ba ya barin haka. A watsa ruwa kafin kwanciya, a yayyafa wa tsakar gida ruwa in da hali, a fitar da shimfiɗa waje cikin gidan sauro. Ruwan sha kuma a sha mafi yawansa da rana, gora 2 ko fiye a lokacin zafi, har fitsari ya zama fari-fari. Wanda ya yini da ƙishirwa ya zo ya ɗura lita guda da dare, fitsari ne zai tashe shi sau biyu ko uku.

Mai ƙwannafi ya sa bulo ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai. In a ƙasa yake kwana, ya naɗe bargo ya tura ƙarƙashin katifa daga kai zuwa ƙugu ta yi gangare. Tara matasan kai ba ya magani, lanƙwasa mutum yake yi ya matse ciki. Bayan ya yi addu'o'insa a gefen dama, ya juya hagu, ta nan ruwan tsamin ya fi zama a tumbi.

8. Dubawa a mako na uku da na huɗu

Ka ci gaba da rubutu, ka kwatanta da makon farko. Alamun da ke fara bayyana su ne yunwa da safe, hamma da nauyin ido wajen ƙarfe 9 da rabi zuwa 10, farkawa dab da ƙararrawa, da raguwar ɗacin baki. Ƙugu ba ya saurin nunawa, a auna shi sau ɗaya a wata. Ranar biki ko suna ko baƙi za ta karya tsarin, ba komai. Washegari ka tashi a lokacinka, ka fita haske, ka ci kalacinka. Kada ka rama da barcin hantsi.

Wanda awa 12 tsakanin loma ta farko da ta ƙarshe ta zauna masa yana iya matsewa zuwa 10 ko 11, ta hanyar jawo na dare gaba. Akwai salon da ake yaɗawa a intanet na barin karin kumallo a fara ci da La'asar har dare. Wannan ya tara abincin ne daidai lokacin da jiki ya fi kasa sarrafa shi, ban ga dalilin ba mutanenmu shawarar yin haka ba.

In yanayinka ya bambanta

Masu gadi, masu gasa burodi, ma'aikatan asibiti da direbobin dogon zango ba za su iya kwanciya ƙarfe 10 ba. Su ci babban abincinsu kafin su kama aiki, wajen Magariba. Daga 12 na dare zuwa Asuba a tsaya kan ruwa, in ya zama dole a ci abu kaɗan kamar nono, gyaɗa ko dafaffen ƙwai. Shayi a farkon dare, a daina awa 6 kafin lokacin da za a kwanta. Da safe a ci mara nauyi, a sa baƙin tabarau a hanyar gida, a kwanta a ɗaki mai duhu ko a ɗaure ido da ƙyalle. Direba ya sani tsakanin ƙarfe 3 da 5 na dare ne jiki ya fi rauni. In gyangyaɗi ya zo, goro ba ya tare shi, a faka a runtsa minti 20.

Gidan da tukunya ke hawa sau ɗaya a yini, in da zaɓi a dafa da rana ko da La'asar, a rage wani abu don safiyar yara.

Da azumi tsarin yakan juye, amma ana rage ɓarnar. A buɗe baki da dabino da ruwa da kunu, a ci babban abincin bayan sallar Magariba daidai ciki, bayan asham a tsaya kan mara nauyi. Shayi kofi ɗaya da wuri. A jinkirta sahur yadda sunna ta koyar, a sa wake ko nono ko fura a ciki. Abin da ya fi wahalar da mutane shi ne cin nauyi na biyu wajen 12 na dare. Bayan Salla a koma tsari da minti 30 duk kwana 2 ko 3.

Yara, masu juna biyu, masu shayarwa, masu gyambon ciki da ramammu ba a matse musu lokacin ci. Su amfana da kalaci, hasken safe da cin dare da wuri, amma duk sa'ad da suka ji yunwa su ci. Ɗan lakkwal yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, saurayi ko budurwa 8 zuwa 10, kuma ba a ba yaro shayi da dare.

Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide kada ya matsar da abinci ko ya rage shi sai ya je asibiti an daidaita masa lokacin maganin, domin maganin zai yi aikinsa ko an ci ko ba a ci ba. Rawar jiki, zufa mai sanyi, jiri da bugun zuciya alamun faɗuwar sukari ne. In awo ya nuna ƙasa da giram 0.70 a lita, ya sha ƙwayar sukari 3 ko sukari ƙaramin cokali 3 zuwa 4 a ruwa nan take, ya sake awo bayan minti 15, ko da azumi yake yi.

In an cika mako 4 ana bin tsarin barci bai gyaru ba, ko iyali na cewa kana minshari mai ƙarfi numfashi na ɗaukewa, ko kana yawan fitsari da ƙishirwa da rama, ko ƙwannafin ya zo da wahalar haɗiya ko baƙin bayan gida, a tafi asibiti. Ka je da safe ba ka ci komai ba tun daren jiya don a auna sukari, a duba hawan jini, ka kuma tafi da littafin nan naka likita ya gani. Awon da ya kai giram 1.26 a lita ko ya wuce, ciki wayam, ana maimaita shi wata rana kafin a tabbatar da ciwon sukari.